Tabarmar da Aka Auna a Kan Rairayi

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Wanda ya tashi a Madawa a shekarun da na tashi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Mace tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana ido da ido, kuma da an yaye shi sai a miƙa wa kaka. Wasu matan sama-sama suke yin abin, a gaban surukai kawai. Mahaifiyata daga Karofane aka kawo ta, can ƙasar Buza, kuma ta zo da kunyarta cikakkiya, ba ta zubar da komai a hanya ba.

Gidanmu yana bayan kasuwa. Tsakar gida ɗaya ce mai rairayi, da itacen bedi, wato darbejiya, a tsakiya. Ɗakin Kaka, wato uwar babana, yana gabas, na mahaifiyata yana yamma. A ɗakin Kaka na tashi, a bayanta na yi barci, a ƙwaryarta na ci. Tsakanin ƙofofin biyu babu wani nisa, kaji ma ƙetarewa suke yini suna yi. Ƙannena suna kiran mahaifiyata Inna, suna hawa bayanta tana aiki, suna tsoma hannu a kwanonta tana bugun hannun. Ni ban kira ta da komai ba. In ya zama dole in ambace ta, sai in ce Innar yara. Ita kuma in ta ambace ni sai ta ce waccan, ko ɗiyar tsohuwa.

Babana lambun albasa yake yi a fadama, da sassafe yake fita, sai yamma. Shi ma yana jin kunyata, amma tasa mai sauƙi ce, yakan dafa kaina in ba kowa a zaure.

Ban cika magana ba tun ina ƙarama. Zama nake yi a bakin ƙofar Kaka, gwiwa a ƙirji, ina kallo. Kaka ta sa mini mujiya saboda haka.

"Ke mujiya, rage idon nan," takan ce. "Za ki cinye mutane da kallo, kuma ba ki ƙiba."

Abin da na fi kallo shi ne hannun mahaifiyata. Tabarma take saƙawa, kamar yawancin matan unguwarmu a lokacin. Ranar kasuwa Buzaye da mutanen ƙauye suna shigo da kaba a kan raƙuma da jakuna, ɗauri-ɗauri, tana ƙanshin ɗanyen daji. Sai ta zaɓa, ta shanya, ta tsattsaga da farce, ta jiƙa. Ranar rini kuwa duk gidan ya ɗauki warin galura mai tafasa, a shanya kaba ja da kore da shuɗi a kan zana, hannunta ya yi kwanaki da launi. Saƙar ziri-ziri ake yi, zirin yana tsawo yana naɗuwa a gefenta kamar maciji mai barci. Tana saƙa tana duba tukunya, tana saƙa tana gaisawa da maƙwabta ta kan katanga, ba ta duban yatsunta. In ziri ya isa sai ta haɗa da basilla. Babana ko wani dillali ya kai bakin gudro, wato titin kwalta, inda motocin Ƙwanni da na Maraɗi ke tsayawa, matafiya su sauko suna taya tabarmin Madawa. A lokacin ba wanda zai ratsa garinmu ya koma gida ba tabarma a kan mota, sai dai in ba shi da mai yi masa tsaraba.

Tana da zanenta na kanta: ja biyu, kore ɗaya, sai fari mai faɗi, sai ja kuma. Ko cikin tabarmi ɗari na gan shi zan gane. In an yi mata odar tabarmar kwanciya, ba ta yarda da a ce mata babba ko ƙarama. Sai mai ita ya zo, ko a kawo yaron da za a yi wa, ya kwanta a ƙasa ta auna shi da tsinken kaba daga kai zuwa diddige. Ta ce tabarmar da ƙafa ke fita daga cikinta abin kunya ce ga wadda ta saƙa. Ƙannena duka ta kwantar da su haka ta auna, suna dariya suna shure-shure. Ni a tsohuwar tabarmar Kaka nake kwana.

Ba wai ba ta yi mini magana ba ne sam. Tana yi, amma ta bayan gida. Sai ta tsaya tsakar gida ta ce da iska, "Akwai hura cikin ƙwarya bisa rumfa, in akwai mai sha." Ni kaɗai ce a gidan a lokacin. Ko kuma ta dubi akuyarmu da ke ɗaure a turke ta ce, "Ke akuya, in mutum za shi lakwal da kai ba kitso, ai dariya za a yi mai."

Kaka daga ɗaki sai ta amsa, "Akuya ta ji. Akuya, kwance igiyarki ki tahi gidan kitso."

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi. Dariya take, amma ba za ta bari in ga fuskar ba. Ni kuma in tashi in tafi gidan kitso.

Na san wasu abubuwa, domin ido ne gare ni. Na san rigar lakwal ɗina, wato ta makaranta, da ta yage a hammata ba Kaka ce ta ɗinke ta ba, Kaka ba ta ganin ramin allura. Na san ƙanzon da ake bari a gefen tukunya, a rufe da faifai, ba mantuwa ba ne. Amma yaro ba ya ƙoshi da abin da ya gano da kansa. Ina so in ji. Ina so sau ɗaya ta dube ni ta faɗi sunan nan da aka yanka rago aka raɗa mini, in ji yadda yake fita a bakinta.

Abin bai dame ni sosai ba sai da na shiga kwalej. A kalas ɗinmu akwai wata yarinya, ɗiyar wani ma'aikacin likita da aka kawo garinmu daga nesa. Benci ɗaya muke zama. Ita ma ɗiyar fari ce, da bakinta ta faɗa mini. Wata rana an tashi da azahar, rana na dukan ƙasa, sai ga uwarta a bakin ƙofar makaranta da laima. Ta ɗaga murya ta kira sunanta, a gaban mushe, wato malaminmu, a gaban masu sayar da ƙosai da ɗanwake, a gaban kowa. Yarinyar ta ruga. Uwar ta kama haɓar zanenta ta share mata zufa a goshi, ta gyara mata ɗankwali, suka tafi cikin inuwar laima ɗaya. Na kawar da kai kamar na ga wanda zanensa ya faɗi. Kunya ta kama ni a madadinsu. Amma har na isa gida ban daina ganin haɓar zanen nan ba.

Da yamma ina taya Kaka gyaran zogale na ce, "Kaka, Innar yara ba ta so na?"

Ta ajiye reshen da ke hannunta ta dube ni.

"Yau mujiya ta yi kuka da rana. Mi kike so? Ta goya ki? Ƙahwahunki za su ja ƙasa."

Ban yi dariya ba. Da ta ga haka sai ta matso, ta rage murya.

"Saurara. Kunyar nan tana da ranar ƙarewa. Dubi gwaggonki." Tana nufin yayar babana, ɗiyarta ta fari, wadda ke zuwa gidanmu kusan kullum su yi ta gardama a kan komai. "Wagga mai bakin tsiya, sai da ta haihu na san kalar idonta. Yanzu wa ka iya raba mu? Ran da kinka zo wankan gida da jinjirinki, uwarki za ta dafa miki ruwa, ita za ta gasa miki jiki, ita za ta zamna bakin gadonki. Ran nan sai kin gaji da jin bakinta."

"Har sunan?"

"Har sunan, in ba kowa kusa. Ke dai ki jira. Ina kike gaggawar zuwa?"

Na yarda da ita, domin ga gwaggo nan ina gani. Daga ranar na ɗauki abin kamar ajiya da aka yi mini a rumbu, wadda ba a buɗewa sai lokacinta. In ƙanwata ta kwanta a cinyar mahaifiyata ana tsefe mata kai, sai in ce a raina, nawa na nan tafe.

Shekarar da na yi jarrabawar birbe ta gama kwalej, a filin kwalej aka tara mu aka karanta sunayen waɗanda suka ci. Sunana ya fito daga bakin wani mutum da bai san fuskata ba. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matan unguwa suka shigo da guɗa, suka nufi mahaifiyata tana zaune gindin bedi tana saƙa.

"Barka, barka. Ɗiyarki ta hidda mu kunya."

Ba ta ɗaga kai ba. "Ku yi ma tsohuwa barka," ta ce. "Ita ad da ɗiya."

Suka yi dariya suka juya wajen Kaka, wadda ta riga ta fito tana taka rawa da sandarta. Ni ina tsaye jikin zana ina kallon hannun mahaifiyata. Ja biyu, kore ɗaya, haka zanenta yake. Sai na ga ta sa kore, ta ƙara kore, ta ƙara wani, ta yi nisa kafin ta lura. Ban taɓa ganin ta yi kuskure a saƙa ba. Ta tsaya, ta dubi zirin, ta fara warwarewa a hankali, kanta a ƙasa.

Aka ce an tura ni lise, makarantar gaba da kwalej, a Tawa. Babana ya shirya da wani ɗan'uwansa da ke can, in zauna a gidansa in an koma makaranta bayan damina. Ban taɓa kwana a wani gari ba. Duk bakansin nan, wato dogon hutun makaranta, ina jin tafiyar tana matsowa, kuma wani tunani ya shige ni. Na ce wataƙila tafiya ma tana buɗe rumbun nan, ko da kaɗan. Wanda za shi nesa ai ana yi masa sallama.

Da damina saƙa takan ja baya, kowa na gona, kaba ma ba ta bushewa da kyau. Wata rana an yi ruwa da safe, da hantsi rana ta fito, rairayin tsakar gida ya yi sanyi da laushi. Kowa ya tafi gona, Kaka ta tafi barkar haihuwa. Na kwanta gindin bedi a kan rairayin haka nan ba shimfiɗa, barci ya ɗauke ni. Da na farka na shiga ɗakin Kaka in sha ruwa. Ina riƙe da moɗa sai na ji motsi. Na leƙa ta tsakanin asabarin ƙofa.

Mahaifiyata ce. Ashe ba ta je gona ba. Ta fito daga ɗakinta da dogon tsinken kaba a hannu, ta dubi zaure, ta dubi ƙofar Kaka, ta ɗauka na fita. Ta zo inda na kwanta. Rairayin mai danshi ya riƙe siffata sarai: ramin kai, kafaɗa, ƙugu, da inda diddigena ya nutsa. Ta durƙusa. Ta ɗora bakin tsinken a inda kaina ya kwanta, ta miƙa shi zuwa diddige, ta kama wurin da farce. Sai ta buɗe tafin hannu ta ƙara taƙi ɗaya, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ta sake duban sawun, ta ƙara taƙi na biyu, ta karya tsinken a nan.

Na ɗauka tashi za ta yi. Ba ta tashi ba. Ta sa tafin hannunta a ramin da kaina ya bari, ta bar shi a wurin. Ban san iya daɗewar da ta yi ba. Ni dai ruwan moɗa ya zubo mini a ƙafa ban motsa ba. Wata kaza ta yi kuka a bayan rumbu, ta zabura, ta share sawun da gefen hannu kamar mai gyara wurin shanya, ta koma ɗaki.

Washegari ta dafa galura. Kaka ta fito tana toshe hanci.

"Rini da damina? Wa ad da wagga tabarma?"

"Wani mai saye na."

"Wane mai saye? Ban ga an kwantar da kowa an auna ba."

"An aiko da awon."

"An aiko da awon," Kaka ta maimaita, tana duban inda nake zaune. "To, Allah shi ba mai sayen nan lahiya. Da gani dogo na, kuma ba shi da baki."

Mahaifiyata ta juya baya tana motsa tukunya. Kunnuwanta kawai nake gani.

Ta daɗe a kan tabarmar nan fiye da kowace. Kabar da ta zaɓa siririya ce, ta tsaga ta har ta kusa zama zare, saƙar ta matse yadda ko haske ba ya ratsawa. In ruwa ya taso ta kwashe ta shige ɗaki da ita kafin ta kwashe hatsi. Ni kuma kullum ina shirya abin da zan faɗa ranar tafiya. Na yanke shawara zan tsaya a ƙofarta in ce Inna. Kalma ɗaya ce, ƙannena suna faɗinta ba adadi a yini. Nakan je bayan rumbu in gwada ta a hankali in ji yadda take.

Ranar tafiya da safe na tarar da tabarmar a naɗe, an ɗaure ta da igiyar kaba, an jingina ta da kayana a ƙofar Kaka. Ba wanda ya ce ga wanda ya ajiye. Babana yana zaure yana jira ya raka ni tasha. Kaka ta riƙe ni tana addu'a tana tsokana, wai kada in auri Bature in manta da ita. Sannan ta tura ni da haɓa wajen ɗakin yamma.

Na ƙetare tsakar gidan. Mahaifiyata tana zaune daga ciki kusa da ƙofa, ta ba ni baya, tana tankaɗe gari. Ƙanwata ƙarama tana gefenta. Na durƙusa a bakin ƙofa. Kalmar da na shirya ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Za ni tahiya."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Na ga garin da ke kan yatsunta, na ga jan galura da bai gama fita daga farcenta ba. Na jira.

Ta dubi ƙanwata. "Ce mata Allah shi kiyaye hanya."

Ƙanwata ta juyo ta ce, "Wai Allah shi kiyaye hanya."

"Ce mata kada ta shimhiɗa tabarmar inda ƙasa ke da danshi. Ta riƙa shanya ta."

"Wai ki riƙa shanya ta."

"Ce mata..." Ƙanwata tana duban bakinta tana jira, ni ma ina jira. Babana ya yi gyaran murya daga zaure. Rariyar ta ci gaba da motsi.

A mota na rungume tabarmar, aparanti, wato yaron mota, yana ta faɗa wai in ba shi ya ɗora sama, na ƙi. Na yi kuka har Galmi. Daga nan na share ido na tuna maganar Kaka. Ba a ce ranar tafiya ba, ranar haihuwa aka ce. Ni ce na yi gaggawa.

A Tawa, a ɗakin da nake kwana da ɗiyan mai masaukina, na shimfiɗa ta. Kaina a bakinta na sama, ƙafafuna suka tsaya, ga saura a ƙasa, taƙi biyu cif. Matar gidan ta shafa saƙar ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba, ta tambaye ni wa ya yi. Na ce Innar yara. Ta ce, "Waɗanne yara?" Na ci gaba da gyara bakin tabarmar.

Na zo gida sau ɗaya, a bakansin sanyi. Da na shiga na gaishe da Kaka, na gaishe da ɗakin yamma daga nesa. Mahaifiyata ta dubi ƙafafuna, ta hau da ido har wuyana, ta tsaya nan.

"Ke akuya," ta ce, "ashe ba su da hatsi a Tawa."

Duk kwanakin da na yi, ƙwaryar da ke bisa rumfa ba ta taɓa zama ba fura ba, kuma da nono mai kauri. Na koma makaranta da nauyin jiki da kwanciyar rai. Ban yi ƙoƙarin faɗin komai ba a wannan karon. Na ga babu abin gaggawa.

Da bazara, lokacin da zafi ke sa ƙarfen benci ƙuna, muka shiga kwampozisiyo, wato jarrabawar ƙarshen zango. Ranar da muka gama ta ƙarshe na dawo gida da azahar na tarar da matar mai masaukina a zaure, ta riga ta ɗaure mini kaya. Ba ta dube ni ba. Ta ce ana nemana a Madawa, akwai motar da za ta tashi yanzu. Na tambaye ta ko Kaka ce, domin Kaka ce tsohuwa. Ta ce in dai je.

Lokacin cirar albasa ne. Tun daga Galmi buhuna ke jere bakin hanya, warinta ya cika motar. Ina ta yi wa Kaka addu'a a raina.

Da na shiga layinmu na hango maza zaune a ƙofar gida. Kafin in ga fuskar kowa na ga abin da suke zaune a kai. Ja biyu, kore ɗaya, fari mai faɗi. An fito da tabarminta duka, har waɗanda ta ajiye don kasuwa, an shimfiɗa a ƙasa, baƙi sun zauna a kai da ƙurar ƙafafunsu. Ita da ba ta yarda a taka sabuwar tabarma. A nan na sani.

Sanƙarau ne. Ya kama ta da ciwon kai, aka kai ta likita, ba ta dawo ba. An rufe ta, har an yi sadakar uku kafin in zo.

Na shiga. Kaka tana zaune a ɗakin yamma, inda ban taɓa ganin ta zauna ba, gwaggo na gefenta, ƙannena sun jingina da su. Mata suka yi ta yi mini gaisuwa ina amsawa. A jikin bango ga wani ziri da ba ta gama ba, tsinkayen kaba sun yi cirko-cirko a bakinsa. Na zauna har mutane suka ragu, aka kira la'asar, aka fita alwala. Muka rage mu uku.

"Kaka," na ce, "ta kira ni?"

Gwaggo ta yi sauri. "Ta kira ki mana. Sunanki ne ma a bakinta har..."

"Ke, bari," Kaka ta katse ta. "Kada ki yi ma wagga ƙarya. Da idon nan nata tana ganin ƙarya tun ba ta hito ba."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Kaka ta juyo gare ni. Idanunta sun faɗa, bakinta ya bushe.

"Ba ta hwaɗi sunanki ba. Ran da ciwon ya yi tsanani, tana cikin hankalinta, na ce a aika Tawa a ɗauko ki. Ta kama mini hannu. Ta ce, kada a tada waccan, tana kwampozisiyo. Na ce mata, ke, yau ma waccan? Ba kowa a nan, daga ni sai ke, hwaɗi sunan ɗiyarki. Sai ta juya huska ga bango. Na ga bakinta ya motsa, amma ban ji komi ba, kuma ba zan ce miki na ji ba. Ta sa ubanki ya yi mata alkawari ba za a hwaɗa miki ba sai kin gama."

Na ce to.

"Ni na ce ki jira," Kaka ta ce. "Ita ma haka na ce mata, tun kina cikin zane. Na ce ta yi haƙuri, ranarku na zuwa. Haka anka ce mini, haka na gani ga kaina. Ban san ana mutuwa kahin nan ba."

Ban taɓa ganin Kaka tana kuka ba sai ranar. Ni ce na riƙe ta. Nawa kukan bai zo ba sai da na fita tsakar gida na ga akuya a turke tana tuƙa, tana duban ƙofar yamma.

Shekaru sun wuce da yawa. Da na haifi ɗiyata ta fari na je wankan gida, a gidan nan na bayan kasuwa. Kaka ta riga ta rasu. Gwaggo ce ta dafa ruwa, ita ta gasa mini jiki, ita ta zauna bakin gado tana ba ni labarin mutanen unguwa. Ta yi duk abin da ake yi, Allah ya saka mata. Amma duk sanda asabari ya motsa sai na ɗaga kai.

Ina kiran sunan ɗiyata. Gwaggo ta yi ta mita, wai zamani ya lalace, daga baya ta gaji ta bari. Sai dai ban ɓoye ba, har yau in akwai manya a wurin sunan yakan yi mini nauyi a harshe, sai na tura shi da ƙarfi yake fita.

Madawa ta canza. An sare bedin gidanmu an yi ɗaki a wurin, an zuba siminti a tsakar gida, ba rairayin da zai riƙe sawun kowa. Gorubar da ake yanko kaba ta yi nisa. A bakin gudro har yanzu akwai masu tabarmi, amma na roba sun fi yawa, ana kawo su daga waje, duk tsawonsu ɗaya.

Tabarmata kuwa tana nan. Ban taɓa shimfiɗa ta a danshi ba, kuma ina shanya ta. Bayan rasuwar mahaifiyata na ƙara tsawo kaɗan, na cinye taƙi ɗaya daga cikin biyun da ta ƙara mini, daga nan na tsaya. Inda kaina da kafaɗata da diddigena ke kwanciya duk ya koɗe, ya yi santsi, launin ya koma kalar ƙasa. Taƙin ƙarshen nan kuwa ƙafata ba ta taɓa kai masa ba. Jansa da korensa suna nan kamar ranar da ta tsamo su daga tukunya.